Harsashin Bindigar Toka: Tarihin Dalma Da Ƙarfe A Ƙasarmu

Jama'ar Madarunfa, da na Gabi, Safo, Ɗan Isa, Jiratawa da Sarkin Yamma, da ƴan uwa masu saurarenmu daga Maraɗi da Jibiya, har da waɗanda neman abinci ya kai su nesa da gida, yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin wani ɗan ƙaramin abu ne da bai wuce girman ɗan kanya ba, wato harsashin da ake ɗura wa bindigar toka.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, da damanar da ta wuce wani saurayi a ƙauyenmu ya rasa yatsu uku na hannun hagu. Ba ɓarayi suka harbe shi ba, bindigarsa ce ta fashe mishi a hannu. Da aka bincika sai aka tarar ɗiyan boris na keke da guntayen ƙusa ya ɗura mata, kuma ya yi ɗuri a kan tsohon ɗurin da ya manta da shi. Da muka je dubiya likita, kowa cewa yake tsautsayi ne. Gaskiya ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ni sai na tuna da kawuna, Allah ya jiƙan shi, wanda ya yi shekaru yana farauta a dajin Babban Rafi ya kuma koma ga Allah da yatsunsa goma cur. Yana da wani burgami da ba ya barin yaro ya taɓa. A ciki akwai ƙahon albarushi, da tsumma, da ƙwallayen dalma da shi da kansa ya zuba. Kafin ya fita, sai ya zauna ya riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya a bakin bindiga, wanda bai yi mishi ba ya ajiye shi gefe. Muna yara muna ganin kamar ɓata lokaci ne. Ashe ilimi ne da ya girmi kawu da ɗaruruwan shekaru, kuma shi ne nake so mu bi sawunsa yau.

Mu fara da sunayen kansu, don su ma suna ba da labari. Kalmar bindiga daga Larabci ta zo, bunduƙiyya, ita kuma tana da alaƙa da bunduƙ, wani ɗan itace mai zagaye da Larabawa suka ara suka kira dunƙulen da ake harbawa da shi. Albarushi daga al-barud ne. Harsashi kuwa daga ar-rasas, wanda ma'anarsa ita ce dalma. Kun gani, tun a bakin kakanninmu, harsashi yana nufin dalma, bindiga kuma abar harba abu mai zagaye. Sunayen suna kuma nuna mana hanyar da kayan suka fara biyowa: daga arewa, ta hamada, a bayan raƙuma.

Bindiga ta daɗe da shigowa wannan yanki. A Barno, Mai Idris Alauma, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 16, yana da ƴan bindiga da Turkawa suka horar. A shekarar 1591, rundunar sarkin Maroko a ƙarƙashin Judar ta ƙetare hamada ta karya daular Songai a Tondibi, kusa da Gawo, kuma bindiga ce ta ba su galaba duk da ƙarancinsu. A Kano, tarihin sarakunan birnin ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye ƴan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Daga baya wata ƙofa ta buɗe ta kudu. Turawan da ke ciniki a bakin teku suka riƙa kawo dogayen bindigogi masu ƙanƙara, waɗanda ake ƙerawa a garuruwa irin su Birmingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, suna haurowa ta ƙasar Yarbawa da Nufe har su iso kasuwannin ƙasar Hausa. Tare da su ake kawo albarushi da sandunan dalma.

To mu dawo gida. Bayan da mutanen jihadi suka karɓi Birnin Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan Katsina na da suka yi arewa. Ɗan Kasawa ya zauna a ƙasar Damagaram na wani lokaci, sannan wajen 1819 ya kafa sarautarsa a Maraɗi. Daga nan kusan shekara tamanin ƙasar nan tamu, daga gulbi har zuwa dajin da ya raba mu da Katsina, ta zama fagen kai hari da ramuwa. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba a kan Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tibiri. Ɗan Baskore ya yi sarauta fiye da shekara ashirin, kusan duk a kan doki. Baturen nan Barth da ya biyo ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 ya tarar ayari ba ya ratsa dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina sai da fargaba.

Mai saurare zai zaci duk wannan yaƙi da bindiga aka yi shi. A'a. Doki da mashi da takobi, da baka da kibiya mai dafi, su ne suka riƙe fage. Wani Baturen Ingila, Kilafaton, ya ga rundunar Muhammadu Bello da idonsa a 1826 lokacin da ta kewaye Gobirawa, kuma cikin dubban mayaƙa ƴan bindiga ƙalilan ya gani. Dalili a fili yake. Maharbi mai baka yana samun kyauro a fadama, maƙerin garinsu ya ƙera mishi kan kibiya, dafi kuma daga daji. Kafin ɗan bindiga ya yi ɗuri ɗaya, shi ya saki kibiya da yawa. In ruwa ya sauko, albarushi ya jiƙe, bindiga ta koma sanda. Sannan ga babbar matsala: dalma. Ƙasarmu tana da tama, maƙera sun iya narka ta su fitar da ƙarfe, amma ba mu da ramin dalma. Kuza tana can Riruwai da tsaunukan Jos. Dutsen tozali, wanda shi ne uwar dalma, daga wajen Binuwai fatake ke kawo shi, kuma don kwalliyar ido ake sayensa. Duk harbi ɗaya da dalma, kuɗi ne mutum ya jefa cikin daji.

Daga nan aka samo dabarar da har yau muke fama da ita. Wanda bai da dalma sai ya je maƙera a sassare mishi ƙarfe gunduwa-gunduwa, wani ma tsakuwa yake zubawa. Ba mu kaɗai ba, haka aka yi a wurare da yawa na Afirka ta Yamma. A yaƙin Asante da Ingila na 1874, a ƙasar Gana ta yau, mayaƙan Asante sun yi ruwan wuta da irin wannan ɗuri, sun raunata sojojin Ingila da dama, amma waɗanda suka mutu kaɗan ne, don guntayen ba su da nauyin da za su yi nisa ko su shiga jiki sosai. Wato tun wancan lokacin ɗurin ƙarfe da tsakuwa ɗurin rashi ne, ba na gwaninta ba. Kakanninmu sun yi shi ne don dole.

Me ya sa dalma ta fi? Dalilai uku ne, kuma kawu ya san su duk da bai shiga lakwal ba.

Na farko nauyi. In ka ɗauki ƙwallo biyu masu girma ɗaya, na dalma da na ƙarfe, na ƙarfen bai wuce kashi bakwai cikin goma na nauyin na dalma ba. Abu mai nauyi ya fi riƙe gudunsa a iska, ya fi tafiya inda aka nufa da shi. Dabbar da aka harba da shi tana faɗuwa, ba ta tafi da rauni ta je ta mutu a banza cikin ƙaya ba, ko ta juyo kan maharbi in mai faɗa ce irin gyado.

Na biyu taushi. Dalma ko da farce kana iya yi mata zane. In ta matse cikin bututun bindiga, ita ce ke ba da kai. Ƙarfe ba ya ba da kai, balle ɗiyan boris da aka yi su musamman don kada su lotsa. In suka cije a hanya, ƙarfin albarushi ba ya komawa baya ya haƙura, sai ya nemi mafita ta wurin da bututu ya fi rauni, wurin kuwa sau da yawa daidai inda hannun hagu ke riƙe ne. Ko ba su cije ba, kowane harbi suna kankare cikin bututu suna rage mishi kauri. Kuma in suka bugi dutse ko busasshen icce suna iya dawowa, ko su kauce su sami wanda ke gefe.

Na uku sauƙin zubi. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, wutar gawayi ta ishe ta. Ƙarfe sai ya wuce digiri 1500. Shi ya sa maharbi ke iya mallakar mazubi daidai da bakin bindigarsa, ya fitar da ƙwallaye masu girma ɗaya. Zagayen kuma yana da dalili: bututun bindigar toka sumul yake a ciki, ba ya murza harsashi, don haka duk abin da ke da tsawo ko kusurwa yana fita yana wuntsila-gudi-gudi. Ƙwallo kuwa ko ta ina ya juya, fuskarsa ɗaya ce.

Sai batun awo, wanda shi ne abin da kawu ke yi a bakin ƙofa. Ƙwallo dole ya ɗan gaza bakin bindiga, don albarushi yana barin toka da dauɗa a cikin bututu, bayan harbi kaɗan hanya ta ƙara matsewa. Sojojin Turai ma haka suka yi: bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18 faɗin bakinta wajen milimita 19 ne, amma ƙwallonta bai wuce 17 da rabi ba. Maharba kuma suna naɗe ƙwallo da ɗan tsumma mai maiƙo don ya cike giɓin. In ya yi ƙanƙanta da yawa, yana fita yana karo da bango, ya tafi inda ya ga dama. In ya yi girma, sai ya tsaya a tsakiya bai sauka kan albarushi ba, kuma wannan sararin da ya rage tsakaninsu yana daga cikin manyan abubuwan da ke kumbura bututu ko su fasa shi. Shi ya sa tsofaffin maharba ke yi wa sandar ɗuri alama, da sun zura ta sun san ko bindiga wofi ce, ko da ɗuri, ko ɗurin ya zauna. Da saurayin ƙauyenmu ya san wannan alama kaɗai, da yau yana riƙe da hauya da hannu biyu. Ko lambar nan da kuke ji ana kiran bindigar farauta ta zamani da ita, mai lamba 12, daga ƙwallon dalma ta samo asali: ana nufin in aka raba laba ɗaya ta dalma, wato giram 454, gida goma sha biyu, kowane kashi zai ba da ƙwallo daidai da bakin bindigar.

A duk yankin nan, wanda ya fi kowa gane cewa bindiga ba ta da amfani in babu abin ɗura mata shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Da yake Zinder na kan hanyar ayarin Tarabulus, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a gida, har igwa aka zuba a birninsa. Damagaram ta zama abin tsoro, har a ƙarshen ƙarnin Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano.

Sai dai a daidai lokacin da muke koyon ƙwallon dalma, Turai ta riga ta bar shi. A 1849 wani hafsan sojan Faransa mai suna Minye ya fito da harsashi mai tsini wanda ke buɗewa ya kama zanen da ke cikin bututu, ya fita yana juyawa kamar mazari. Nisan harbi ya ninka. Ba a daɗe ba aka koma ɗura bindiga ta baya, da harsashin da ya haɗa albarushi da dalma cikin kwanso ɗaya. Sannan a 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Burusel suka yi yarjejeniya: kada a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, abin da aka yarda a sayar mana shi ne tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ku riƙe wannan da kyau. Bindigar toka ba don ta fi kyau ta zauna a hannunmu ba, ita ce aka bar mana.

Sakamakon ya bayyana a 1899. Ayarin sojan Faransa na Vule da Shanuwan ya ratso daga yamma yana ƙone garuruwa. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, suka biyo ta ƙasar Gobir da Maraɗi suka nufi Tasawa. Ba bindigogin ƙasar nan suka tsayar da su ba. Bayan sun kashe Kanar Kulob a Dankori ranar 14 ga Yuli, sojojinsu ne suka juya musu suka kashe su a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Ragowar ayarin ya ci gaba, kuma a ƙarshen watan Yuli ya karya rundunar Damagaram a Tirmini. Masarautar da ta fi kowa bindigar ɗuri da igwa ta faɗi cikin yini guda. A 1903 Kano da Sakkwato suka bi sahu a hannun Ingila. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba, makamin ne ba ɗaya ba.

Bayan zuwan Nasara, bindigar toka ta bar fagen yaƙi ta koma wurare biyu. Ta koma fada, inda ƴan bindiga ke buga ta ranar hawan salla da albarushi zalla ba harsashi, ta kuma koma hannun mafarauta da masu gadin gona. A hannun waɗannan ne ilimin ya zauna. Yaro ba ya taɓa bindiga sai ya yi shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa burgami. Akwai sarkin baka da ke tsawatarwa. Maƙeran da suka koyi gyaran bindigar Turawa, daga baya suka koyi ƙera tasu, kuma maƙerin kirki ba ya miƙa maka ita sai ya ɗaure ta a jikin icce ya gwada ta daga nesa da igiya. Da namun daji suka ragu, farauta ta ja baya, matasa suka tafi bariki da ci-rani, sai wannan sarƙa ta koyo ta tsinke.

Yanzu ga shi bindigar ta dawo, amma iliminta bai dawo tare da ita ba. Kowa ya san halin da ƙauyukanmu na bakin iyaka ke ciki: satar shanu, ɗaukar mutane don kuɗin fansa, da dubban ƴan uwanmu da suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019. Mutumin da aka kore wa shanun huɗa ba za ka ga laifinsa ba in ya nemi abin da zai rataya. Amma me yake samu? Bututun famfo ko na sitiyarin mota da aka liƙe da walda, ba wanda ya gwada shi. Me yake ɗurawa? Abin da ya tsinta a wurin mai gyaran keke. Wasu ma har suna fasa harsashin zamani su juye garinsa a ciki, alhali wannan garin ƙarfinsa ya fi abin da irin wannan bututu zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, jama'a. A nan kuwa yatsu da ido take ci, wani lokaci har rai.

Kada kuma wani ya ji na yabi dalma ya tafi ya fasa tsohon batirin mota ya narka a murhun da ake dafa tuwo. Dalma guba ce. Hayaƙinta da ƙurarta suna shiga jini, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da naƙasa har girmansa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gida. Ko kawu bai taɓa yin zubi a tsakar gida ba, bayan gari yake zuwa, da kaskon da ba a sa komai a ciki sai wannan. Naman da aka harba da dalma kuma, a yanke wurin da harsashi ya bi a zubar kafin a sa a tukunya.

Sannan akwai doka. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin dokar ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tanadi izini da lokaci da dabbobin da ba a taɓawa, kuma tun 1994 ƙasa ke da hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Dajinmu da tafkinmu da kaburburan waliyyai 99 suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Abin da ya rage a cikinsu na tsuntsu da dabba amana ce ta jikokinmu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Tsofaffin mafarauta da suka rage a garuruwanmu, ku kira yaran nan ku zauna da su, don abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Maƙera, kada ku ba mutum abin da ku kanku ba za ku yarda ku sa a kafaɗa ba. Iyaye mata, in kun ga bindiga a jingine a ɗaki, ku ɗauka da ɗuri a cikinta, ku nisanta yara da ita. Masu gari da hakimai, ku san waɗanda ke riƙe da ita a ƙasarku. Matasa kuma, ku tuna da Tirmini: bindigar ɗuri ba ta tare bindigar zamani ba a 1899, ba za ta tare ta yau ba. In kun ga motsin da ba ku yarda da shi ba, labari da wuri ga mai gari da jami'an tsaro ya fi harbi ɗaya da za ku yi ku tsaya neman sandar ɗuri cikin duhu.

Saurayin namu an sallame shi, yana koyon ɗaure wando da yatsu biyu. Bindigar tana nan a gidansu, bututun ya dare kamar karan da aka tsaga. Wanda ke da tsoho maharbi a gida, ya je ya tambaye shi yadda suke zaɓen harsashi a zamaninsu, ya kawo mana abin da ya ji, mu ƙaru gaba ɗaya. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya kai mu ranar da ba za a ji ƙarar bindigar toka ba sai ranar salla.